Kuntigin Ɗan Maraya

A ƙasar Hausa, babban makaɗi da jama'arsa ake saninsa. Narambaɗa na da 'yan amshi da masu kotso, Shata na tafe da masu kalangu. Adamu Ɗan Maraya Jos kuwa shi kaɗai yake zama da kuntiginsa: gwangwanin kifi da aka rufe da fatar akuya, da ɗan sanda, da tsirkiya ɗaya tal.

An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Mahaifinsa makaɗin fada ne, ya rasu Adamu yana jariri, mahaifiyar ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sarkin Bukuru ne ya riƙe marayan. Yaron da ya tashi a fada, kowa zai zaci sarakuna zai yi wa waƙa. Amma da ya je Maiduguri ya ga makaɗan can, sai ya haɗa kuntiginsa da hannunsa. Waƙar da ta fara fito da shi ita ce "Karen Mota", wadda ya yi wa yaran mota masu lodi da sa waigi, mutanen da fada ba ta san da zamansu ba.

Kayan kiɗan ne ya tsara masa salo. Tsirkiya ɗaya ba ta iya danne magana, don haka dole kowace kalma ta fito sarai. Da yake ba shi da 'yan amshi, sai ya riƙa raba muryarsa. A "Gulma Wuya" shi ne magulmaciya, shi ne waɗanda ta shiga tsakaninsu. Ya yi waƙa kan auren dole da mutuwar aure da halin ɗan Adam. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi.

Mu a Karaye da Rogo ta rediyo da kaset muka san shi, a tasha da shagon tela da teburin mai shayi. Kaset ɗin ya sha kwafi har yana shuu, amma maganar ba ta ɓacewa.

Ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Yau situdiyoyin Kano da fiyano da kwamfuta suke kiɗa, masu kuntigi kuwa sun yi ƙaranci. Waƙoƙinsa suna nan a wayoyinmu. Abin da muke gab da rasawa shi ne hannun da ya san yadda ake ɗaure fata a bakin gwangwani.