Ma'aunin Basira: Yadda Kayan Taimako Ya Zama Kayan Hukunci

A shekarar 1882 Faransa ta wajabta karatun firamare a kan kowane yaro. Azuzuwa suka cika, malamai kuma suka yi kiciɓis da ɗaliban da ba sa iya bin darasi. A 1904 ma'aikatar ilimi ta kafa kwamitin duba lamarinsu, cikin membobinsa har da masanin halayyar ɗan Adam, Alfred Binet. Shekara guda bayan haka, shi da likita Théodore Simon suka fitar da jarrabawa mai gwaje-gwaje 30, daga mafi sauƙi zuwa mafi wuya. Manufarsu ita ce gano yaron da aka bari a baya domin a ba shi kulawa ta musamman.

Binet bai ɗauki makin yaro a matsayin ƙaddararsa ba. A littafin da ya wallafa a 1909, ya soki masu cewa basira tsayayyen rabo ce wanda ba ya ƙaruwa, ya kuma tsara atisaye na ƙarfafa natsuwa da riƙe abu a ƙwaƙwalwa. Ya rasu a 1911, yayin da jarrabawarsa ta riga ta ƙetare teku ta faɗa hannun masu akasin ra'ayinsa.

A Amurka, Henry Goddard ya fassara ta a 1908, Lewis Terman na Jami'ar Stanford kuma ya sake mata fasali a 1916. Dukansu biyu sun yi imani cewa basira gado ce, kuma yadda aka haifi mutum da ita haka zai mutu da ita. Da wannan aƙida, jarrabawar ta koma kayan rarraba mutane aji-aji, ta kuma ƙarfafa masu kiran a hana "raunanan ƙwaƙwalwa" haihuwa. A 1927 Kotun Ƙolin Amurka ta amince a yi wa wata matashiya, Carrie Buck, tiyatar hana haihuwa dole, bisa hujjar cewa ita da mahaifiyarta da jaririyarta duk suna da raunin ƙwaƙwalwa. Jaririyar, Vivian, ta shiga makaranta daga baya, har sunanta ya fito cikin jerin ɗaliban da aka yaba wa, kafin ta rasu tana da shekara 8. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa irin wannan tiyata a ƙasar.

Ko wajen zaƙulo haziƙai ma'aunin ya yi tuntuɓe. A 1921 Terman ya fara bibiyar rayuwar yara kimanin 1,500 masu maki mafi girma a Kalifoniya. Da yawansu sun yi nasara a aiki da karatu, amma babu wanda ya ci lambar Nobel. Yara biyu da aka gwada aka ajiye gefe saboda makinsu bai kai ba, William Shockley da Luis Alvarez, su ne suka ci ta a fannin fiziks, a 1956 da 1968. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

A shekarun 1980 James Flynn ya nuna cewa matsakaicin makin wannan gwaji ya yi ta hawa da kusan maki 3 duk shekara goma a ƙasashe masu arzikin masana'antu. Gado ba ya sauyawa da irin wannan sauri, shi ya sa masana suka karkata ga yawaitar karatu, ingancin abinci da kiwon lafiya wajen bayyana dalili.

Wannan bai kore tasirin gado ba, kuma jarrabawar tana auna wani abu na haƙiƙa. Sai dai tarihinta ya nuna cewa aƙidar mai riƙe da sakamako ce ke yanke abin da zai biyo baya. Malamin da ya ga ƙaramin maki ya ɗauke shi alamar inda za a fara aiki, zai ƙara wa yaron darasi. Wanda ya ɗauke shi iyakar yaron, zai mayar da shi bencin baya, daga bisani kuma ya kafa hujja da faɗuwarsa.