Sarki Goma, Zamani Goma: Sarauta da Sauye-sauyen Mulki a Nijar

Masu iya magana sun ce sarki goma, zamani goma. Shekara ɗari da muke bikin cikarta a wannan gida ta ga mulkin Nasara, ta ga na jam'iyya ɗaya, ta ga na soja, ta kuma ga na jam'iyyu da yawa. Tambaya ɗaya ce ke rarrabe waɗannan tsare-tsare: idan mai mulki ya kauce hanya, wa ke da ikon ce masa ya tsaya?

Kakanninmu suna da amsarsu. A Katsinar Maraɗi, wadda Ɗan Kasawa ya kafa wajen 1819, sarki ba ya naɗa kansa. Rukuni huɗu, wato Galadima da Ƙaura da Durɓi da Ƴandaka, su ke zaɓensa daga cikin ƴaƴan sarauta, kuma ba ya yanke babbar shawara a bayan idonsu. A Tsibirin Gobir akwai Taran Gobir, ga kuma Inna mai faɗa a ji. Talaka ma yana da makaminsa: in zalunci ya yi yawa, sai ya kwashe iyalinsa ya yi ƙaura, sarki ya rasa haraji da mayaƙa.

Zuwan Faransawa ya juya wannan tsari. Sun kama Damagaram a 1899. A 1906 suka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa bisa zargin shirya tawaye, suka kai shi Kodebuwa, ba su mayar da sarautar gidanta ba sai 1923. Suka yanka ƙasa kanto-kanto, naɗi da tuɓewa suka koma hannun gwamna da kumandan. Sarkin da a da yake duban fadawa da talakawa, sai ya koma duban bariki. Shi ke tara haraji, shi ke fid da mutane aikin tilas, har 1946 da aka soke shi. Dattawanmu ba su manta da nauyin wancan zamani ba, haka nan ba su manta da sarakunan da suka tare wa jama'arsu wani abu daga cikinsa ba.

Da siyasar jam'iyyu ta shigo, sarauta ba ta tsira daga guguwarta ba. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo Bakari da Sawaba suka nemi a ce a'a, akasarin sarakuna suka goyi bayan i. Aka kafa Jamhuriya ran 18 ga Disamba 1958, aka sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, Jori Hamani ya yi mulki da jam'iyya ɗaya tilo. Rashin wata murya da za ta ja kunnen gwamnati, ga yunwar da fari ya haddasa, suka share wa soja hanya ran 15 ga Afrilu 1974. Seyni Kunce ya dakatar da kundin tsarin mulki, ya jingina da sarakuna da ƙungiyoyin samariya wajen isar da umarni ƙauyuka.

Babban taron ƙasa na 1991 ya kawo tsarin da ke raba iko tsakanin shugaban ƙasa da firaminista. Mahamman Usman ya ci zaɓen 1993, amma a 1995 ƴan adawa suka rinjayi majalisa, Hama Amadu ya zama firaminista, shugabannin biyu suka kasa jituwa. A Janairun 1996 soja suka dawo. Juyin mulki ya sake aukuwa a 1999, da 2010 bayan tazarcen Tanja Mamadu, da kuma 2023. Jamhuriya bakwai da juyin mulki biyar ke nan tun 1960. Kusan kowane karo, rigimar ita ce iyakar ikon mai mulki da wanda zai tsare ta.

Duk cikin wannan, ƙofar fada ba ta rufe ba. Manomi da makiyayi in sun saɓa kan burtali, ƴan'uwa in sun yi jayayya kan gonar gado, nan suke fara zuwa neman sulhu. Abin da ke kawo su shi ne yardar da suka yi cewa sarki uban kowa ne. Ran da rawani ya zama na wani ɓangare, ran nan rabin gari zai daina zuwa gaisuwa, kuma babu takardar gwamnati da za ta mayar da su.

Saboda haka, ya ku masu naɗi da masu zaɓe, amanar da ke wuyanku ita ce wadda rukunin Maraɗi suka riƙe a da: zaɓen wanda ya cancanta, da faɗa masa gaskiya a zaure kafin talakawa su faɗe ta a kasuwa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.