Daga Duba-gari Zuwa Majalisar Lasisi: Wa Ke Da Ikon Leƙa Gidan Mutum?

Dattawan ƙasar Bichi da Ɗambatta da Dawakin Tofa ba su manta da zamanin da jin labarin zuwan duba-gari kan tayar da ƙauye tsaye ba. Mata su hau wanke randa, yara su kama shara, maigida ya nemi murfin masai. In ya iso sai ya yi sallama a zaure, mai unguwa na biye da shi, ya leƙa tulu ko akwai ƙwari, ya duba bakin rijiya da makwararar ruwa. Wanda aka samu da ƙazanta, sai gaban alƙali da tara.

Aikin ya zo ne da Turawa. Bayan sun ci Kano a 1903, abin da ya fi damunsu shi ne zazzaɓin sauro da shawara da agana, kuma lafiyar unguwanninsu suka fara karewa kafin ta talakawa. Dokar lafiyar jama'a ta 1917 ta bai wa jami'an tsafta ikon shiga gida su ba da umarnin kawar da abin da zai cutar. A Arewa, En'e ce ta riƙe aikin, ta hannun hakimai da dagatai. A 1932 aka buɗe Makarantar Tsafta ta Kano domin horar da 'yan ƙasa.

Sai dai dokar da aka tsara don birni ba ta zauna daidai a wannan karkara ba. Ƙasa ce mai cinkoson jama'a, gona manne da gona, ana noma ta shekara da shekara ba hutu, kuma taki ne ke riƙe da ita. A wancan zamani har daga cikin birnin Kano ake ɗauko shi a kan jakuna. Don haka jujin da duba-gari ke kallo a matsayin matattarar ƙuda, manomi dukiyarsa ce, kashin awaki da toka da yake tarawa tun kaka. Ga kuma kulle: baƙon namiji ba ya wuce zaure sai da yardar maigida. Duba-garin da ya san hakan yakan nuna inda za a matsar da jujin nesa da rijiya, a rabu lafiya. Wanda bai sani ba, ko ya ga hanyar karɓar na goro, shi ya ɓata sunan aikin, alhali talaka ba shi da inda zai kai ƙararsa sai wurin waɗanda suka turo shi.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, aikin ya koma sashen lafiya na ƙaramar hukuma, tsoron ya ragu, zagayen ma ya ragu. Yaƙi da Rashin Ɗa'a na 1984 ya kawo shara ta ƙarshen wata, amma birane suka fi ganinsa.

Sai a 2002 Doka mai lamba 11 ta kafa majalisar yi wa jami'an lafiyar muhalli, wato duba-gari, rajista, EHORECON, ƙarƙashin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Gyaran 2022 ya mayar da ita EHCON. Ita ke yanke irin ilimin da mutum zai samu kafin ya yi wannan aiki, ta tantance makarantun da ke koyar da shi, ta shirya jarrabawa, ta riƙe rajistar waɗanda suka cancanta, ta ba su lasisi. Tana kuma da ikon ladabtar da wanda ya ci amanar sana'ar, har ta kai ga soke sunansa. A ganina wannan na ƙarshe shi ne babban abin da aka samu, domin mutumin da doka ta ba shi damar leƙa banɗakin wani dole a samu mai tuhumarsa.

Amma majalisa ba ta ɗaukar duba-gari aiki a Makoɗa ko Kunchi, ba ta sayen babur ɗin da zai kai shi ƙauye. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora kwashe shara da kula da banɗakunan jama'a a wuyan ƙananan hukumomi. Kano kuwa ta san illar sakaci, tun annobar sanƙarau da kwalara da ƙyanda ta 1996. Makarantar Tsafta na nan tana yaye ɗalibai, cikinsu har da mata waɗanda za su iya shiga har tsakar gida. Ya rage wa shugabannin ƙananan hukumominmu su ɗauke su aiki, su tura su ƙauyuka tun kafin damina ta sauka.