Daga Kibiya Zuwa Ƙoshiya: Tarihin Kalmar "Shuttle"

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya gefe, za mu bi sawun wata kalma ta Turanci da ta shige mana baki ba tare da sallama ba. Ɗalibin jami'a yana cewa zai hau shuttle zuwa aji, tela yana cewa shuttle ɗin kekensa ya lalace. Ma'anarta a yau ita ce duk abin da ke kai-komo tsakanin wuri biyu, ya je ya dawo, ya sake komawa. Amma a asalinta babu dawowa ko kaɗan.

A tsohon Turanci, sama da shekara dubu da suka wuce, ana cewa scytel, wato kibiya ko ɗan mashi, kuma tushensu ɗaya da kalmar shoot, harbi. Kibiya kuwa in ta bar baka, ta tafi ke nan. Masaƙa ne suka koya wa kalmar dawowa. Wajen ƙarni na 14 suka laƙaba wa ƙoshiyarsu wannan suna, saboda yadda ake wurga ta ta ratsa zaren tsaye kamar an harba. To amma ƙoshiya dole ta dawo, in ba haka ba babu saƙa. Hannun dama ya jefa, na hagu ya cafe, ya mayar. A hankali sai ma'anar harbi ta dushe, ta kai-komo ta zauna.

Wanda ya ɗaga darajar kalmar shi ne John Kay, mutumin yankin Bury a Lankasha ta Ingila. Kafin shi, in yadi yana da faɗi sai an sa mutum biyu suna jefa wa juna ƙoshiya, domin hannun mutum ɗaya ba ya kaiwa. A 1733 ya yi rajistar wata ƙoshiya mai 'yan ƙafafun taya, wadda masaƙi ɗaya zai fizgi igiya ta ruga wancan gefe, ya sake fizga ta dawo. Aka kira ta ƙoshiya mai tashi.

Allah Sarki, Kay bai ci moriyar basirarsa ba. Masaƙa suka tsane shi don tsoron rasa abinci, masu masaƙu kuma suka yi ta amfani da ƙoshiyar suna ƙin biyansa haƙƙi, har suka kafa ƙungiyar da ke biya wa juna kuɗin shari'a in ya kai ƙara. A 1747 ya tattara ya koma Faransa, can kuma ya mutu.

Sai dai abin da ya kunna bai mutu ba. Da saƙa ta yi sauri, sai zare ya yi ƙaranci, masu kaɗi suka kasa ciyar da masaƙa. Wannan yunwar zare ce ta haifi injin kaɗi na James Hargreaves wajen 1764 da na Richard Arkwright a 1769, sannan Edmund Cartwright ya fito da injin saƙa a 1785. Kafin a ankara, Mancesta ta zama uwar yadin duniya.

A nan ne labarin ya taɓo mu. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya tarar da tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus, amma kuma ya ga yadin Mancesta ya riga ya ratso hamada ya shigo kasuwa. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai ƙofa ta buɗe gaba ɗaya. Masaƙinmu yana zaune a inuwa yana jefa ƙoshiya da hannu, yana fitar da ƙyalle mai faɗin tafin hannu, ga shi yana gasa da inji da ba ya gajiya ba ya cin tuwo. Saƙarmu ba ta mutu nan take ba, ta yi ta jurewa shekara da shekaru, amma akoko mai araha ya yi ta cin kasuwarta.

Ita kuwa kalma sai ta fita daga masaƙa ta shiga duniya. A ƙarshen ƙarni na 19 aka fara kiran jirgin ƙasa mai gajeren zango da ita, daga baya motoci da jiragen sama. Bayan yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, sakataren harkokin wajen Amurka Henry Kissinger ya dinga safa da marwa tsakanin Masar da Isra'ila da Siriya yana ɗaukar saƙon waɗanda ba sa son zama wuri ɗaya, 'yan jarida suka raɗa wa aikin diflomasiyyar shuttle. A ranar 12 ga Afrilu 1981 kuma Amurka ta harba Columbia, kumbon da aka ƙera don ya je sama ya sauko a sake amfani da shi, shi ma aka ba shi wannan suna. An yi tafiya 135 kafin a rufe shirin a 2011. Sau biyu ƙoshiyar ba ta dawo ba: Challenger a 1986 da Columbia a 2003, mutum bakwai-bakwai suka rasu. A ranakun nan kalmar ta koma asalinta na kibiya.

Mai karatu, in ka lura, mu da muke da ƙoshiya tun kaka da kakanni ba mu ce da motar ɗalibai ƙoshiya ba, sai muka aro sunan daga waɗanda injinsu ya durƙusar da masaƙanmu. Yaranmu da yawa sun san shuttle, amma in ka ce ƙoshiya sai dai su tuna ta kwasar tuwo. Idan akwai tsohon masaƙi a unguwarku, ka je ka zauna kusa da shi, ka tambaye shi sunayen kayan aikinsa tun yana nan. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya kai mu.