Ma'aunin Hawking

Ma'aunin Hawking wani lissafi ne na raha da ake amfani da shi wajen kimanta inda masu karatu suke tsayawa a cikin littafi kafin su ajiye shi. Jordan Ellenberg, malamin lissafi a Jami'ar Wisconsin da ke Madison a Amurka, shi ne ya ƙirƙiro shi a wata maƙala da jaridar Wall Street Journal ta buga a watan Yuli na shekarar 2014. Ya raɗa masa sunan Stephen Hawking, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ingila, saboda littafinsa A Brief History of Time na 1988, wanda miliyoyin mutane suka saya amma ake yawan cewa kaɗan ne suka kai ƙarshensa.

Yadda ake lissafin

Na'urar karatu ta Kindle, ta kamfanin Amazon, tana ba mai karatu damar ja wa jimlar da ta burge shi layi, kuma tana nuna wuraren da aka fi ja wa layi a kowane littafi. Ellenberg ya ɗauki wurare biyar da suka fi shahara, ya fitar da matsakaicin lambobin shafukansu, sannan ya raba da yawan shafukan littafin gaba ɗaya. Idan wuraren sun taru a farkon littafi, makin zai yi ƙasa, sai a ɗauka cewa jama'a ba su yi nisa ba. Idan sun bazu har zuwa ƙarshe, makin zai yi sama.

Sakamakon 2014

Littafin Hawking ya samu kashi 6.6 cikin ɗari. Sai dai ba shi ne na ƙarshe ba. Capital in the Twenty-First Century na Thomas Piketty, masanin tattalin arziki ɗan Faransa, ya samu kashi 2.4 kacal, domin a littafi mai shafi kusan 700, duk wuraren biyar ba su wuce shafi na 26 ba.

Ƙagaggun labarai sun fi samun maki. The Great Gatsby ya samu 28.3, Fifty Shades of Grey 25.9, Catching Fire 43.4. Wanda ya zarce kowa shi ne The Goldfinch na Donna Tartt, da kashi 98.5.

Rauninsa

Shi kansa Ellenberg ya bayyana cewa lissafin ba na kimiyya ba ne, don nishaɗi aka yi shi. Babban rauninsa shi ne yana auna inda mutane suka ja layi, ba inda suka tsaya ba. Littafin ilimi yakan zuba muhimmin bayaninsa a gabatarwa, don haka mutum zai iya karanta shi duka amma ya ja layi a farko kawai. Kuma da yake Kindle tana nuna wa sabon mai karatu inda waɗansu suka ja layi, shi ma sai ya bi sahu.

The Goldfinch ya fito da wannan rauni fili. Wuraren biyar duk suna cikin shafuka ashirin na ƙarshe, inda mai ba da labarin yake zurfafa tunani a kan rayuwa da zane-zane. A ƙarshen shekarar 2014 kamfanin Kobo, wanda shi ma yake sayar da littattafan na'ura, ya fitar da alƙaluma da suka nuna cewa kashi 44.4 ne kawai na masu karatunsa a Birtaniya suka kammala littafin, duk da ya ci kyautar Pulitzer a wannan shekarar. Waɗanda suka kai ƙarshe su ne suka ja layi, waɗanda suka gaji a hanya kuwa ba su bar wata alama ba.

Abin da ke sa a ajiye labari

Ma'aunin bai faɗi dalilin da ya sa ake watsar da littafi ba. A 2013 shafin Goodreads ya tambayi masu amfani da shi, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne jan labari da gundura. A cikin sababbin littattafan da aka fi ajiyewa akwai The Casual Vacancy na J. K. Rowling, wanda ya fito a 2012. Mutane da yawa sun saye shi ne da tsammanin wani abu mai kama da Harry Potter, sai suka tarar da labarin manya a kan rikicin kujerar majalisar wani ƙaramin gari a Ingila. A irin wannan hali ba lallai laifin rubutun ba ne, sunan marubuciyar ne ya yi alkawarin da littafin bai ɗauka ba. A cikin tsofaffi kuwa an lissafa Catch-22 da Ulysses da Moby-Dick, waɗanda sau da yawa sunansu ne yake sa a ɗauke su.

Akwai masu ganin ajiye littafi ba abin kunya ba ne. Daniel Pennac, marubuci ɗan Faransa, ya sa rashin kammala littafi cikin haƙƙoƙi goma na mai karatu a littafinsa Comme un roman na 1992. Nancy Pearl, wadda ta taɓa zama ma'aikaciyar ɗakin karatu a birnin Seattle, ta yi suna da dokar shafi 50: a ba littafi shafi 50 kafin a yanke masa hukunci, wanda ya haura shekara 50 kuwa ya cire shekarunsa daga 100. Ɗan shekara 70 ke nan shafi 30 ya ishe shi.