Asalin Kalma: Dije

A ƙauyukan Ɗambatta, Bichi da Makoɗa, da wuya ka shiga gida ka rasa Dije. Sunanta na yanka Hadiza ko Hadizatu, daga Khadija na Larabci. Bahaushe ya sassauta harafin farko ya koma "h", sannan bakin gida ya gutsure sunan ya bar Dije ko Dija.

A Larabci, tushen kalmar na nufin jaririyar da aka haifa kafin watanninta su cika, kusan abin da muke kira bakwaini. Amma ba don wannan ne liman ke raɗa sunan ba. Albarkacin Nana Khadija 'yar Khuwailid ake nema, attajirar Makka, matar Annabi (SAW) ta farko, wadda ta riga kowa ba da gaskiya gare shi.

Turkawa kuwa Hatice suke rubutawa, su furta Hatije. Turhan Hatice, mahaifiyar Sarki Mehmed na Huɗu, ita ta kammala masallacin Yeni Cami na Istanbul da aka buɗe a 1665. Abin da ya fi burge ni shi ne, laƙabin Kubura da muke yi wa Hadiza, su ma suna da shi: Hatice Kübra, wato Khadija Babba.