Daga Gilashin Barlow Zuwa Gaɓar Mai Wurno

A 1906 Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da Turawa suka kashe a Burmi a 1903, ya kafa garinsa a gaɓar Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar a ƙasar Sudan. A lokacin gilashin kyamara mai jawo nesa kusa shekararsa 15 kacal a duniya, domin a 1891 Thomas Dallmeyer ya fito da shi a Landan, Adolf Miethe kuma ya yi irinsa a Jamus. Hotunan Jazira, yankin da garin yake, na wancan zamani galibi ma'aikatan mulkin mallaka ne suka ɗauka, kuma hankalinsu na kan auduga da madatsar Sinnar da aka kammala a 1925. Da yawa suna ajiye a Jami'ar Durham ta Ingila.

Dabarar jawo nesa kusa ta girmi gilashin Dallmeyer. Tun wajajen 1830 masanin lissafi Peter Barlow ya nuna cewa idan aka saka gilashi mai lotsawa a cikin madubin hangen taurari, abin da ake kallo zai ƙara girma. Dallmeyer ya ɗora irin wannan gilashi a bayan gilashin kyamara. Daga baya aka ware shi, aka mai da shi ɗan zobe da ake ɗaurawa tsakanin kyamara da gilashinta, shi ne telekonbata. Kasuwarsa ta buɗe a shekarun 1960 da 1970, da kyamarorin Japan suka cika duniya. Kamfanoni irin su Vivitar da Kenko suka riƙa sayar da mai ninki biyu da araha, na gilashi huɗu a ciki, mai ɗan tsada kuma bakwai.

Sai dai bashi ne da ake biya da haske. Mai ninki 1.4 yana cinye rabin hasken da ke isa fim, mai ninki biyu kuma kashi uku cikin huɗu. Gilashin milimita 300 mai buɗewar f/4 zai koma 420 a f/5.6, ko 600 a f/8. A zamanin fim irin Kodachrome 64 wannan asara ce babba, kuma duk aibin da ke cikin gilashin asali ninkuwa yake yi. Nan masu araha suka ɓata wa telekonbata suna. Da kyamarori masu daidaita hoto da kansu suka zo, yawancinsu ba sa aiki idan an wuce f/5.6, sai mai ninki 1.4 ya zama na ƙwararru. Nikon ta raba gardama da mai ninki 1.7, Canon kuwa a 2013 ta gina mai 1.4 cikin gilashinta na 200-400, a kunna shi da ɗan maɓalli.

Kyamarorin yau marasa madubi sun rage matsalar duhu sosai, har wasu na ganin mai ninki biyu ya dawo. A ƙasar Jazira ban yarda ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe mai baƙar laka, rana na ɗagawa kawalwalniya ta tashi, ga ƙurar habub kafin damina. Wanda ya tsaya a Mai Wurno yana neman hoton masunta a tsallaken kogi, ko shamuwa a kan sheƙarta farkon damina, iskar da ke tsakani yake ninkawa tare da tsuntsun. Da asuba iska takan kwanta, amma a sa'ar haske ya yi ƙaranci, mai ninki biyu kuma ba ya ragawa. Haka lamarin yake a gandun dajin Dindar, wanda aka keɓe a 1935, inda namun daji ke zuwa fadamu da sassafe da yamma lis.

Mai ninki 1.4 a kan gilashi mai kyau, kyamara a kan ƙafa uku, shi ne ya dace da wannan ƙasa. Kuma a gwada kafin a biya, domin gilashin gaban wasu telekonbatocin ya turo waje, ba kowane gilashi yake karɓarsa ba.